Linzamin da ya tsufa a hannuna

Matsalar ta faro ne tun wajen ƙarshen damina, amma sai da hunturu ya kankama sannan na yarda cewa laifin ba nawa ba ne. Sana'ata gyaran rubutu ce da tsara shafukan littattafai da kundayen kammala karatu na ɗalibai, saboda haka yinin aikina kusan duka yana ƙarewa ne tsakanin allon rubutu da linzamin kwamfuta, wato abin nan da yawancinmu muke kira maus, wasu kuma su ce ɓera. Nawa mara waya ne, na saye shi a shekarar 2017, kuma a tsawon waɗannan shekaru bai taɓa neman komai daga gare ni ba face batir ɗaya lokaci zuwa lokaci. Fentin da ke kan maballinsa na hagu ya goge har wurin ya yi sheƙi, daidai inda ɗan alina yake sauka, ta yadda ko a cikin duhu na laluba teburi na ɗora hannu a kansa, kowane yatsa ya san mazauninsa.

Da farko abin bai kai a kira shi lalacewa ba. In na danna fayil sau ɗaya don in zaɓe shi, sai in ga ya buɗe, kamar na danna sau biyu. In na rufe shafi ɗaya a intanet, sai na kusa da shi ma ya bi shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaɓen rubutu, domin mai gyaran rubutu yana kama jimla daga farkonta ya ja har ƙarshe sau ɗaruruwa a yini, ni kuwa ina cikin ja sai zaɓen ya katse a tsakiyar kalma ya sake farawa daga can, in kuwa ban lura ba na danna gogewa, sai rabin jimla ya tafi rabi ya tsaya. Wata ranar Laraba na ɗauko babi na huɗu na kundin wata ɗaliba zan kai shi inda sauran babukan suke, ashe ya suɓuce a hanya ya faɗa cikin jakar wani aikin daban. Daga bayan la'asar har aka kira isha'i ina nemansa, ita kuma tana ta bugo waya cikin ladabi tana tambaya ko akwai matsala, alhali washegari za ta miƙa wa malaminta.

Abin da yake ba ni mamaki yanzu shi ne jerin waɗanda na tuhuma kafin in waiwayi linzamin. Na fara da kaina, na ce wataƙila shekaru ne suka fara shigowa hannu ya soma rawa, har na rage shan shayi mai kauri da dare. Daga nan na koma kan kwamfutar, na ce ƙwayar cuta ce ta shige ta ta hanyar filashin ɗalibai, na kwana ina bincikenta ban sami komai ba. Na shiga saitin Windows na taɓa ma'aunin saurin dannawa biyu, wanda a asali rabin daƙiƙa ne tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, na matsar da shi gaba na dawo da shi baya, abin bai canza ba. Na sauya batir sau biyu cikin mako guda. Linzamin dai yana nan a ƙarƙashin tafina duk tsawon wannan bincike, kuma da shi nake danna duk waɗannan gwaje-gwaje.

Ɗan ƙanwata ne, wanda yake karatun kimiyyar kwamfuta, ya raba gardamar cikin minti biyu da ya zo gaishe ni. Ya saurari ƙorafina har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, “Kawu, bari mu musanya maballan mu gani.” Ya shiga saiti ya mayar da maballin dama ya zama shi ne na farko, ya ce in yi aiki da shi na ɗan lokaci. Na ja sakin layi guda daga sama har ƙasa bai katse ba, na ɗauki fayil na zagaya da shi fuskar kwamfutar na ajiye inda nake so. Da muka mayar da aikin ga maballin hagu, ko minti ɗaya ba a yi ba cutar ta dawo. Ya ce, “Hannunka lafiya lau yake, Kawu, kwamfutar ma haka. Makunnin hagu ne ya gaji.”

Ya kwance sukurun da ke ɓoye ƙarƙashin batir ya buɗe mini cikin, na ga abin da ya hana ni barci, wani ɗan akwatin roba baƙi wanda bai kai tsawon farcen babban yatsa ba, da ɗan tsini a samansa. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe mai tanƙwasa, wanda in an danna yakan karyo ya taɓa ɗan'uwansa, wannan ce ƙarar da muke ji, kuma taɓawar ce take shaida wa kwamfuta cewa an danna. To amma ƙarfe in ya bugi ƙarfe ba ya tsayawa cak nan take, yakan ɗan yi tsalle-tsalle na wani ɗan lokaci da bai wuce 'yan ɓangarori cikin dubu na daƙiƙa ba. Masu ƙera linzami sun san da haka, shi ya sa suke tsara shi ya kau da kai daga duk wani motsi da ya biyo bayan taɓawar farko a cikin wannan ɗan taƙi. Idan ƙarfen ya tsufa, tanƙwasarsa ta yi sanyi, bakinsa kuma ya yi tsatsa ko datti ya kwanta a kansa, sai tsallen ya zarce wa'adin da aka yanka masa, linzamin ya ƙirga shi a matsayin sabuwar dannawa. Haka nan in mutum ya danne yana ja, haɗuwar takan yanke na ƙiftawar ido, kwamfuta ta ɗauka an saki. A kan takarda ana rubuta cewa irin waɗannan makunnai suna jure dannawa miliyoyi, wasu miliyan goma wasu fiye da haka, sai dai wannan lissafi ne na ɗakin gwaji, inda babu ƙurar hunturu mai shiga ko'ina kamar gari, babu kuma laimar Agusta mai biyo bayanta.

A wannan zama ne yaron ya lura da wani abu da ni ban sani ba game da kaina. Ya ce in danna ya gani, da na danna sai ya yi murmushi, ya ce ai ba a tsakiyar maballin nake dannawa ba, na koma can gaba kusa da baki, kuma ina dannewa da ƙarfi kamar mai dangwala yatsa a takardar zaɓe. Gaskiya ya faɗa. A cikin watannin nan hannuna ya gano da kansa, ba tare da ya shawarce ni ba, cewa in an danne da ƙarfi a wani wuri na musamman abin ba ya cika katsewa, sai ya mayar da hakan ɗabi'a. Nan take na gane asalin tsamin da nake ji daga gindin ɗan ali zuwa wuyan hannu duk dare, wanda na yi ta shafa wa man zafi ina ɗora wa sanyi laifi. Da linzamin ya mutu murus rana ɗaya, da washegari na sayi wani ban yi asarar komai ba sai kuɗinsa. Amma da yake a hankali ya riƙa zamewa, kullum ina biyansa wani ɗan haraji na lokaci da na jijiya, ban taɓa zama na tara lissafin ba. Hausawa sun ce sabo turken wawa, ni kuwa a wannan karon da hannuna na kafa turken.

Da muka ƙara dubawa sai sauran alamun tsufa suka bayyana. Faifan roba masu santsi da ke ƙarƙashinsa sun cinye, guda ɗaya ma ya faɗi ban san yaushe ba, shi ya sa yake ƙarzar teburi. 'Yar tayar tsakiya, wadda ake gungura shafi da ita, ta tara ƙura da zare a gindinta, in ana gangarawa ƙasa takan yi tsalle ɗaya zuwa sama. A mazaunin batir kuma akwai sauran farin gishiri na wani batir da ya taɓa yoyo lokacin da na yi tafiya ta wata biyu na bar shi a ciki. Wancan karon na goge shi da auduga da ɗigon lemun tsami, wanda yake kashe kaifin ruwan batirin alkalin, ya kuma ci gaba da aiki, amma tabon yana nan a jikin ƙarfen. Na yanke shawarar sayen sabo, ba don tsohon ya wuce gyara ba, sai don aikin mutane ne a hannuna kuma ba zan iya jiran sa'a ba.

Na tafi Titin Beirut, inda ake sayar da kayan kwamfuta a nan Kano, da safiyar Asabar da niyyar in shiga in fito, sai na tarar abin ya fi yadda na bar shi a 2017 rassa. Tambayar farko da mai shago ya yi mini ita ce, “Malam, mai risiba kake so ko Bluetooth?” Risiba ita ce 'yar na'urar nan ƙarama da ake cusawa a kafar USB, wadda take karɓar saƙon linzamin ta igiyar rediyo mai mita 2.4 gigahaz, kuma a fili takan kai nisan mita goma. Amfaninta shi ne ba ta neman saiti, ana cusa ta ta fara aiki, ko da kwamfutar ba ta gama tashi ba. Aibinta kuwa duk wanda ya taɓa rasa ta ya san shi, domin a yawancin linzamai masu araha an ɗaura auren risiba da linzaminta tun daga masana'anta, in ta ɓata shi ke nan, lafiyayyen linzami ya zama abin wasan yara. Kamfanin Logitech na ƙasar Suwizalan, wanda tun 1991 ya fitar da linzami mai aiki da rediyo, ya sassauta wannan a 2009 da risibar da ya kira Unifying, mai ɗan tambarin ruwan lemu, wadda guda ɗaya take iya ɗaukar na'urori har shida kuma ana iya sayen wata a sake haɗawa. A 2021 ya fito da wata sabuwa mai suna Bolt, kuma su biyun ba sa jin yaren juna, saboda haka mai saye ya dubi tambarin da ke jikin kwali da kyau. Shi kuwa Bluetooth ba ya cin kafar USB, abin da yake da muhimmanci ga masu siraran kwamfutocin zamani da ba su da kafa sai biyu, kuma yana aiki da wayar hannu da ƙaramin allo, sai dai yakan ɗan yi nauyin farkawa in an bar shi ya yi barci, kuma galibi ba ya aiki sai tsarin kwamfutar ya gama tashi. Na zaɓi mai hanya biyu, wanda yake da risiba yake kuma da Bluetooth, saboda na san halina da ƙananan abubuwa, kuma a gidan akwai jikoki.

Maganar batir ce ta fi tsayar da ni. Mai shagon ya so ƙwarai in ɗauki mai caji, ya nuna mini yadda ake soka masa wayar caji irin ta wayar hannu, ya ce an daina yayin sayen batir. Na fahimci hujjarsa, amma ban karɓa ba. Batirin litiyam da aka rufe a cikin na'ura yana raguwa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta masa, mu kuwa a Kano watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma ranar da ya daina riƙe caji ba kowa ne zai iya canza shi ba. Ban da haka, a garin da wutar lantarki take zuwa a lokacin da ta ga dama, ba na son ƙarin wani abu a layin masu jiran caji bayan waya da kwamfuta da fitila. Batirin AA kuwa ana samunsa a kowane teburin mai kayan masarufi, kuma linzamin ofis mai kyau yakan yi shekara guda ko fiye da guda ɗaya tak, muddin alkalin ne na gaske. Masu arahar nan da ake sa wa rediyo da tocila, waɗanda ake yi da zinki da gawayi, ba sa daɗewa kuma sun fi saurin yoyo. Na kuma guji masu ɗaukar ƙaramin batir na AAA, domin abin da yake ɗauke da shi bai kai rabin na AA ba.

Sauran abin da ke rubuce a kwalaye ban ba shi muhimmanci sosai ba. Akwai masu alfahari da lambobin DPI dubu da dubbai, wato yawan ɗigon da kibiyar take tafiya a fuskar kwamfuta idan an matsar da linzamin inci ɗaya, amma mai aikin rubutu 1000 zuwa 1600 sun ishe shi, abin da ya wuce haka na masu wasannin kwamfuta ne, su da fitilunsu masu canza launi. Abin da na nace a kai shi ne a buɗe mini kwali in ɗora hannu. Mai shagon ya ɗan yi jim, sannan ya ce, “Don kai ne, Malam,” ya fito da guda uku ya jera a kan gilashin kanta. Na farko ƙarami ne irin na matafiya, wanda yatsu suke tsugunawa a kansa tafin hannu yana rataye a iska, na san ba za mu yi awa uku tare ba. Na biyu dogo ne amma shimfiɗaɗɗe, kyakkyawa a ido. Na uku yana da tudu a baya wanda ya cika tafina, da ɗan lungu a gefe inda babban yatsa yake kwanciya, kuma maballansa na marasa ƙara ne, abin da ya dace da mai aikin dare a ɗakin da wasu suke barci kusa. Da na gwada shi a kan kantar sai kibiyar ta ƙi motsi, har na fara zargi, mai shagon ya miƙo mini takardar rasit ya ce in ɗora a kai. Na ji kunya kaɗan, domin na san dalilin: a cikin linzamin akwai wata 'yar kyamara da take ɗaukar hoton abin da ke ƙarƙashinta fiye da sau dubu a daƙiƙa, tana gwada kowane hoto da na bayansa don ta gane inda aka nufa, gilashi kuwa ba shi da wani zane ko kaushi da za ta kama.

Wannan ya tuna mini da shagunan buga takardu na farkon shekarun 2000, inda na koyi wannan sana'a, lokacin da linzami yake da ƙwallon roba mai nauyi a cikinsa. Duk ƙarshen mako sai mun murɗe murfin mun fitar da ƙwallon, mu kankare dattin da ya naɗe a jikin sandunan ciki da farce ko tsinken ashana, kuma sai an sa ido a kan yara don kada su tafi da ƙwallon a aljihu. A 1999 ne Microsoft ya fitar da mai jan haske wanda ya yaɗu a duniya, amma ya ɗauki shekaru kafin ya kore ƙwallon daga shagunanmu. Na asalin kuwa, wanda Douglas Engelbart da abokin aikinsa Bill English suka ƙera a Kalifoniya ta Amurka a 1964, akwatin katako ne mai tayoyin ƙarfe biyu da maballi ɗaya, kuma wayar da ta fito daga jikinsa kamar wutsiya ce ta jawo masa sunan ɓera. Yanzu da wutsiyar ta tafi, ina ganin sunanmu na linzami ya fi nasu dacewa, tunda aikinsa juya akalar abu ne zuwa inda mahayi yake so, ko da yake a kasuwa in ka ce linzami sai an sake tambayarka, in ka ce maus an gane.

Na dawo gida da murna, na cusa risibar, sai ga kibiya tana tafiya tana tsayawa kamar motar da mai ya ƙare mata. Raina ya ɓaci, na fara shirya maganganun da zan faɗa wa mai shago ranar Litinin, domin jabu ya yi yawa a kayan kwamfuta kuma kwalinsa wani lokaci ya fi na gaske kyau. Allah ya sa na kira ɗan ƙanwata tukuna. Ya tambaye ni abin da ke cushe kusa da risibar, na ce faifan ajiya ne na waje da nake kwafe ayyuka a ciki, ya ce in duba launin cikin kafar. Shuɗi ne, alamar USB 3.0. Ya bayyana mini cewa irin wannan kafa, idan bayanai suna gudu a cikinta, tana fitar da hayaniyar rediyo a daidai yankin 2.4 gigahaz da linzamin yake magana a kai, kuma kamfanin Intel da kansa ya wallafa bayani a kan haka tun 2012. Na mayar da risibar ɗaya gefen kwamfutar, nesa da faifan, kibiyar ta miƙe sumul. Daga baya na sayi 'yar gajeriyar wayar ƙari na kawo risibar kan teburi kusa da hannuna. Mai shago bai san ya tsallake rijiya da baya ba, ni kuma na ƙara mutum ɗaya a jerin waɗanda na tuhuma ba da hakki ba.

Yau mako uku ke nan da sabon. Tsamin wuyan hannu ya ragu sosai, kuma na gama tsara wani littafi mai shafi sama da 200 ba tare da jimla ko ɗaya ta tsinke mini ba. Sai dai hannun bai gama yarda ba tukuna. Har yanzu nakan kama ɗan alina yana zarcewa can bakin maballi yana dannewa da ƙarfi, yana kare kansa daga cutar da babu ita, kuma da yake sabon ba ya ƙara, wani lokaci nakan danna sau biyu da kaina don ban ji shaidar ta farko ba.

Tsohon kuwa ban jefar da shi ba. Na kai wa wani matashi mai gyaran waya a unguwarmu, ya juya shi ya ce, “Baba, wannan ai ƙaramin aiki ne.” Ya jawo wani kwali cike da matattun linzamai, ya ciro makunnin dama daga jikin ɗaya, tunda na dama ba ya shan wahala kamar na hagu, ya narka dalma ya cire nawa mai ƙafa uku ya dasa wancan a gurbinsa, ya wanke gindin tayar da sifirit, duka bai kai minti ashirin ba, kuma abin da ya karɓa bai kai kuɗin batir huɗu ba. Yanzu yana wurin 'yata ta ƙarshe, wadda take koyon kwamfuta don jarrabawar shiga jami'a da ake yi a kan na'ura. Jiya na leƙa na same ta tana aiki da shi, yatsanta yana sauka kaɗan a bayan wurin da fentin ya goge, domin hannunta bai kai nawa tsawo ba.